Ga Ƙannenmu Masu Tafiya Binciken Hoton Ƙwaƙwalwa da Ƙirƙirarriyar Basira

Tun da na dawo Zariya, da wuya wata ya ƙare ba a yi mini sallama a gidana na Samaru ba, in fito in tarar da matashi ko matashiya da ta gama karatun kwamfuta, ko fiziks, ko likitanci a Shika, ta samu gurbi a wani ɗakin bincike na Turai ko Amurka inda ake ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan hotunan ƙwaƙwalwa. Tambayarsu kusan iri ɗaya ce: "Malam, wace manhaja zan koya kafin in tashi?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Python da PyTorch, kayan aikin rubuta irin waɗannan manhajoji, za ku iya su cikin 'yan watanni, kuma duk wanda za ku tarar a can ya iya su. Abin da zai sa a yarda da aikinku shi ne sanin yadda aka yi hoton ya zo kan allonku.

A makon farko za a kai ku horon shiga ɗakin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kada ku ɗauke shi cika sharaɗi kawai. Maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana, ko da babu kowa a ciki, kuma mai ƙarfin tesla 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), wadda ita aka fi amfani da ita a bincike, ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 60,000. A shekarar 2001 a jihar New York, tukunyar iskar oksijin ta fizge daga hannun mai riƙe da ita ta yi ajalin yaro ɗan shekara 6 da ke kwance cikin na'urar. Takardar da za a ba ku ku cika ba da mu aka tsara ta ba, saboda haka ku ƙara da naku lissafin: allurar da ake maƙale hijabi da ita, awarwaro, zoben azurfa da ba a tabbatar da abin da aka gauraya masa ba, da kwalli, wanda wani irinsa yana ɗauke da burbushin ƙarfe har ya ɓata hoton kewayen ido. Wanda aka ba shi laya daga gida, ya bar ta a akwatin ajiya, domin bai san abin da aka ɗinke a cikin fatar ba.

Sai kuma abin da hoton yake aunawa. Hoton fMRI, wato nau'in MRI mai bin aikin ƙwaƙwalwa, ba ya ganin tunani, ba ya ma ganin motsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Jini yake gani. Jinin da ya sauke oksijin ɗinsa yana ɗan jirkita maganaɗisu, wanda ke ɗauke da ita kuwa kusan ba ya yi, kuma Seiji Ogawa ne ya nuna a 1990 cewa ana iya kama wannan bambanci a hoto. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini yana kwararo masa fiye da buƙatarsa, amma sai bayan daƙiƙa 5 zuwa 6 kwararar take kai ƙololuwa. Canjin ɗan ƙanƙani ne, har numfashi, bugun zuciya, ko ɗan gyara kwanciya na iya danne shi. Shi kuwa hoton PET, wanda wata hanyar ɗaukar hoto ce daban, abincin ƙwaƙwalwa yake bi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, saboda haka ake yi wa mutum allurar wani nau'in sukari mai suna FDG wanda aka liƙa masa sinadarin fulorin 18 mai fitar da hasken nukiliya, sai a ga inda ake shan sukarin da inda shan ya ja baya. A cutar mantuwa ta Alzheimer, shan yana raguwa a sassan gefe da na sama ta baya. A farfaɗiya kuwa, wurin da take tasowa yakan nuna ƙarancin sha a tsakanin tashi da tashi.

Rabin ƙarfin fulorin 18 yana zagwanyewa cikin kimanin minti 110. Ku riƙe wannan adadi, domin shi zai fassara muku halin mutanen da za ku zauna da su. Mu 'yan Zariya mukan yi tinƙaho da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda tukunyar nukiliyar bincike ta farko a Najeriya ta fara aiki a 2004, amma wannan sinadari ba a irin tukunyar ake yin sa ba, wata na'ura ce daban mai suna saikulotoron, kuma da sassafe ake haɗa shi a garzayo da shi. Ga shi mutumin da za a ɗauka an hana shi cin abinci na sa'o'i 4 zuwa 6. Wanda ya makara da minti 20 ya ce "ga ni nan tafe", ya jawo asarar kuɗi, ya kuma bar dattijo da yunwa a banza, kuma ba za a yi masa faɗa ba, za a daina sa sunansa a jadawali ne kawai.

Ƙirƙirarriyar basira tana da amfani na gaske a wannan fage: tana tace hayaniya daga hoto, tana taimakawa a rage yawan sinadarin da ake yi wa mutum allura, tana kuma hango alamun da idon likita ba zai kama ba. Aikin da za ku ji ana yawan ambata shi ne na masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco, wanda mujallar Radiology ta fitar a 2018, inda manhaja ta gano masu Alzheimer daga hoton FDG kimanin shekara 6 kafin likitoci su tabbatar. Abin da ba a cika ambata ba shi ne mutum 40 kacal aka yi gwajin ƙarshe da su.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin saurin yarda da sakamako. A shekarata ta farko a can na horar da manhaja ta rarrabe masu lafiya da marasa lafiya, ta ba ni sakamakon da ya hana ni barci don murna. A taron ɗakin bincike na mako, wata mata mai sarrafa na'ura, wadda ba ta da digirin digirgir kuma ban taɓa ɗaukarta wani abu ba, ta ɗaga hannu ta tambaye ni a wace na'ura aka ɗauki kowane rukuni. Na koma na duba, ashe akasarin marasa lafiyar an ɗauke su a na'urar kamfani ɗaya ne, masu lafiyar kuma a ta wani kamfanin. Manhajata ba cuta ta koya ba, ta koyi bambanta na'ura da na'ura ne. Kuskure makamancin wannan shi ne a bar hotunan mutum ɗaya su shiga rukunin horarwa su kuma shiga na gwaji, tamkar a ba ɗalibi takardar jarrabawa tun daren jajibere. Ba a yi mini dariya ba a ranar, kuma daga nan na gane cewa a can tambaya mai zafi a bainar jama'a ba cin fuska ba ce. Kunyar nan tamu ta ƙin ce wa babba "ban gane ba" ita ce za ta fi cutar da ku. Ku nemi labarin mataccen kifin salmon da Craig Bennett da abokan aikinsa suka sa cikin na'ura, suka nuna a 2009 cewa lissafi marar tsantseni zai iya nuna ƙwaƙwalwar gawa tana aiki. Sannan ku karanta binciken mujallar Nature na 2022 da ya nuna cewa danganta hoton ƙwaƙwalwa da halayyar mutum yana buƙatar dubban mutane, alhali yawancin nazarce-nazarce da mutum 25 ko makamancin haka ake yin su.

Batun sirri gajere ne amma ba a yafe shi. Kada ku kwafi hoton kowa a filashi, kada ku tura wa aboki ta WhatsApp don ya taya ku dubawa. Dokokin kare sirrin bayanan mutane, wato GDPR ta Turai da HIPAA ta Amurka, ba su san uzurin baƙunta ba. Cire suna ma bai isa ba, domin masu bincike na Mayo Clinic sun nuna a 2019 cewa ana iya sake gina fuskar mutum daga hoton MRI har a gane shi, shi ya sa ake shafe fuskar kafin a raba hoto.

Manyan rumbunan hotuna da bayanan lafiyar mutane da za ku yi aiki da su, irin ADNI da aka fara a 2004 da UK Biobank mai mutum 500,000, akasarin mutanen cikinsu fararen fata ne, kuma wani bincike na 2022 a mujallar Science Advances ya nuna cewa manhajar da aka horar a irin waɗannan rumbuna ta fi yin kuskure a kan baƙaƙen fatar Amurka. To ina ga ɗan Tudun Wada ko Sabon Gari? A nan ne kuke da abin da abokan aikinku ba su da shi. Kun taso da yara masu amosanin jini, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, wadda kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama a fili ba, sai dai a ce yaro ya daina gane karatu. Kun ga farfaɗiyar da ake ɓoyewa a ɗaka. Idan malamin da ke duba aikinku ya tambayi abin da kuke son nazarta, ku faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ba shi za ku fara da shi ba.

Kafin ranar tashi, ku shiga OpenNeuro, rumbun hotunan ƙwaƙwalwa na intanet, wanda kyauta ne, ku sauko da hotunan mutum ɗaya tak, ku buɗe su da manhajar FSL ta Jami'ar Oxford, ku bi su yanka-yanka da idonku har sai kun iya nuna wurin da mutumin ya motsa kansa.