Darasi na 7: Yadda ake ba furen okid taki idan a tsakuwar yumbu aka dasa shi

'Yan uwa, yawancin furannin okid asalinsu ba a ƙasa suke fitowa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa cikin dazuzzuka masu ruwa. Irin wanda aka fi sayarwa a tukunya, mai fure kamar fikafikan malam buɗe littafi, sunansa Phalaenopsis, daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya ya fito. A can saiwarsa a fili take tana shan iska, abincinta ɗan abin da ruwan sama ya wanko daga ɓawon itace da ruɓaɓɓen ganye ne, kaɗan kaɗan amma kusan kullum. Ku riƙe wannan, don duk darasin a kansa ya tsaya.

Toh salon da muke magana a kai shi ne a dasa shi cikin ƙananan ƙwallayen yumbu da aka gasa a wuta mai zafi sosai har suka kumbura suka yi ramuka a ciki, a kasuwa LECA ake ce musu. Ana samun roba mai tsayi a huda ta gida biyu a gefe, kamar santimita 2 da rabi daga gindi, sai ruwa ya riƙa kwanciya a ƙasa yumbun yana tsotso shi sama kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Wani Ba'amurke mai suna Ray Barkalow ne ya yaɗa wannan salon.

Matsalar ita ce yumbun nan babu komai na abinci a cikinsa, ko ƙwaya. Ƙasar gona ko ba ka sa taki ba tana da ɗan abin da za ta ba shuka, wannan kuwa abin da ka zuba a ruwa shi kaɗai furen zai ci. Shi ya sa mutane suke ganin ai gara a cika takin, kuma wallahi nan ne ake kashe shi, ni abin yana ba ni tausayi, mutum ya sayi fure da tsada ya yi ta kula da shi sannan da hannunsa ya ƙona saiwar saboda so. Taki gishiri ne, in ya yi yawa a ruwan da ke kwance a gindin roba sai ya riƙa janyo ruwa daga saiwa maimakon ta sha, bakin saiwar mai ɗanyen kore ya koma baƙi ya daina girma.

Ga lissafin, ba wuya. A jikin kowane taki akwai lambobi uku, misali 20-20-20. Ta farko naitirojin ce, wato kashi nawa cikin ɗari na takin ne naitirojin, ita muke dubawa. Ka ɗebi ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe na garin 20-20-20 mai narkewa a ruwa, kusan giram 5 ke nan, ka zuba a jarka mai lita 20 ka girgiza. Kowace lita za ta samu miligiram 50 na naitirojin, kuma wannan ya isa a duk ban ruwa, in ma rabinsa ka sa babu laifi. Idan lambar farko 13 ce, cokali ɗaya da rabi. Kar ka bi abin da aka rubuta a jikin kwali don yawanci na shukar ƙasa ne, ya yi wa okid ƙarfi.

NPK 15-15-15 na buhu da muke sa wa masara ba nasa ba ne, baya narkewa duka. Yuriya ma a yi hankali da ita, domin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa ne suke juya ta yadda shuka za ta fi cin moriyarta, a yumbu kuwa ba su da yawa, saboda haka ka duba bayan kwali ka zaɓi wanda yuriyarsa ba ta da yawa.

Sai maganar ruwa. Na sama ya fi, amma shi babu kalsiyam da magnisiyam a ciki, dole takin ya zo da su. Akwai haɗin da aka yi a Jami'ar Jihar Mishigan, ana ce masa MSU, 13-3-15, an yi shi ne don irin wannan ruwan. Ruwan rijiya ko na burtsatse in mai barin farin ɓawo a buta ne, to gishirinsa ya riga ya yi yawa, a sirka shi da na sama.

Yadda ake zubawa ma yana da muhimmanci, kuma nan nake so ku natsu. Ba ɗan tsiyayawa za ka yi ka ciko wanda ya ragu ba, a'a, ka kwarara ruwan takin da sauri har ya cika robar zuwa baki, ka bar shi ya fita ta hudojin nan biyu, shi zai kore tsohon ruwan da gishirinsa ya taru ya bar sabo. Lokacin hunturu da bazara ruwa yana ƙafewa da wuri gishirin kuma yana nan baya tafiya, to sai a ƙara yawan wankewa, kar a bari gindin ya bushe. In ka ga fari fari kamar kanwa ya fito a saman yumbu, ka yi ta kwarara ruwa zalla, waɗanda suka yi fari sosai ka tsince su ka sa sababbi da aka jiƙa aka wanke.

Aikin gida: bokitinka lita 10 ne, takinka 20-20-20, cokali nawa za ka sa? In kuma 13-3-15 ne a jarka mai lita 20 kana son rabin ƙarfi fa? Ku rubuta amsa a littafinku, mai fure a gida ya duba launin bakin saiwarsa ya zo ya faɗa mana.