Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Kwaɗin Ƙoramun Kurmi

Ɗalibin da ya tashi a Kaduna ya san kwaɗo ne a kududdufin damina, inda burduddugi ke raba dare yana kuka, sannan ya shige ƙasa idan rani ya kama. Da wannan mudun yawancinmu muke auna kwaɗin ƙoramun kurmi, kuma daga nan kurakurai suke tasowa, a takardar jarrabawa da kuma a fagen bincike.

Mafi yawan ɗalibai sun ɗauka cewa kowane kwaɗo da kuka yake kiran mace. A ƙoramar da ke gangarowa bisa duwatsu kuwa, ƙarar ruwa tana danne murya, shi ya sa wasu kwaɗin tsibirin Borneo suke ɗaga ƙafar baya su baje yatsu domin a hango su. Goliyat na Kamaru da Ikwatoriyal Gini, wanda ya fi kowane kwaɗo girma a duniya, domin tsawonsa yakan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3, ba shi ma da jakar maƙogwaron da sauran kwaɗi ke kumburawa. Mai nemansu da dare sai ya dogara da tocila da idonsa.

Akwai masu rubuta cewa kwaɗo mai gashi na Kamaru da kudu maso gabashin Najeriya gashi ne na gaske a jikinsa. Silili ne na fata masu jijiyoyin jini, waɗanda ke fito wa namiji kaɗai a lokacin haihuwa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na hannu da takalmi. Waɗannan kwaɗi da fata suke shaƙar wani kaso na iskarsu, kuma sun saba da ruwan sanyi mai gudu, saboda haka ajiye su a bokitin ruwa a rana, ko kama su da hannun da aka shafa wa mai ko maganin sauro, yana iya halaka su. Ga kuma cutar fata ta kitirid, wadda aka sa wa ƙwayarta suna a 1999, kuma ta yi wa kwaɗin ƙoramun Amurka ta Tsakiya da Ostareliya mummunar ɓarna. Jiƙaƙƙen takalmi da koma suna ɗaukar ta daga wannan rafi zuwa wancan. Gyaran shi ne a canza safar hannu ga kowane kwaɗo, a wanke takalma da ruwan bilic, a shanya su har su bushe ƙayau kafin a shiga wani ruwan, ko da tafiyar ba ta wuce daga magangarar ruwa ta Matsirga, kusa da Kafanchan, zuwa tsaunukan Kagoro ba.