Yadda Ake Zama Likitan Ƙwaƙwalwa: Hanyar Ɗalibin da ke Zaune a Legas

Abu na farko da ya kamata ɗalibi da iyayensa su sani shi ne, babu wani kwas mai suna likitancin ƙwaƙwalwa a fom ɗin JAMB. Duk likitan da ke duba masu taɓin hankali a asibitin gwamnatin tarayya na Yaba, wanda aka kafa tun 1907, sai da ya fara zama cikakken likita kafin ya ƙware a wannan fanni. A nan ne yara da dama ke yin tuntuɓe, su zaɓi Saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam, suna zaton hanyar ke nan. Fanni ne mai daraja, amma mai digirinsa ba likita ba ne, kuma ba shi da hurumin rubuta wa majinyaci magani.

Tafiyar tana farawa ne daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai. Wajibi ne yaro ya shiga ajin kimiyya, ya kuma fito da kiredit a darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'ar Legas tana buƙatar a same su a zama ɗaya, saboda haka haɗa sakamako biyu ba zai yi amfani a wurinta ba. Uban da ke kasuwa a Mile 12 ko Agege ya daure ya je makarantar da kansa a wannan shekara, domin yaron da aka tura ajin kasuwanci ya riga ya saki hanya tun kafin ya ankara.

A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a kan maki 400, kuma likitanci na cikin kwasa-kwasan da ke neman maki mafi yawa.

Zaɓen jami'a yana buƙatar lissafi, musamman ga Bahaushen da ya tashi a Legas. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas tana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, ta Jami'ar Jihar Legas kuma tana Ikeja. To, amma jami'o'in tarayya suna ware wani kaso na gurabensu ga jihohin da ke maƙwabtaka da su, kuma jihar asali ake dubawa, ba inda aka haifi mutum ba. Saboda haka yaron da takardar asalinsa ta nuna Kano ko Katsina, ko da Yarabanci ya fi zama a bakinsa, ya kamata ya auna Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ke Zariya kafin ya yanke shawara. Wanda bai samu gurbi ba yana iya bin shirin JUPEB ko IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye idan sakamakonsa ya yi kyau.

Digirin likitanci, wato MBBS, shekara shida ne idan babu yajin aiki: shekarar share fage, sai nazarin sassan jiki da yadda suke aiki, sannan shekarun zagayen ɗakunan majinyata, inda ɗalibi zai fara zama da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Bayan kammalawa, hukumar MDCN mai kula da rajistar likitoci za ta ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara ɗaya yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan ya tafi hidimar ƙasa.

Sai yanzu ne ake shiga fannin kansa. Likita zai zauna jarrabawar matakin farko ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, wato kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, ko kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma. Idan ya ci, sai ya nemi gurbin horo a asibitin da aka amince da shi, kamar Yaba, ko LUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Legas), ko Aro a Abeokuta, inda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin jinyar majinyata a cikin ƙauye tare da danginsu a 1954. Horon yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida, da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike. Jimilla, daga shiga jami'a zuwa zama ƙwararre, ana maganar aƙalla shekara 12.

A ganina, kada ɗalibi ya yi sakaci da Hausarsa a tsawon wannan lokaci. Wannan fanni da zance ake gano cuta, kuma dattijuwar da aka kawo daga Agege tana cewa "zuciyata ce ta ɓaci" ko "iska ce ta taɓa ni" ba za ta iya faɗin haka ta bakin tafinta yadda take nufi ba. Mai son yin horonsa a inda yawancin majinyata Hausa suke ji yana iya neman gurbi a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri.