Idan kwamfuta ta yi nauyi: kurakuran da na gaji da gani

Shagona ɗan ƙarami ne a bakin tasha, a wani gari kusa da Ringim. Buga takardu nake yi da fotokwafi, da gyaran kwamfuta idan an kawo. Malamin makaranta ne ko ɗalibi ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, da ya zaro laftof daga jaka maganarsa ɗaya ce: "Malam, ta yi nauyi, bairos ne, a yi mata fomat." Ya gama yanke hukunci tun daga gida, hannuna kawai yake so.

Fomat ɗin nan, wato goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sake sa mata Windows, shi ne babban kuskure, kuma ni ma na taɓa yin sa. Farkon buɗe shagon nan wani yaro ɗan garinmu da ke shekarar ƙarshe a kwaleji ya kawo mini wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo. Sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Na tambaye shi ko akwai abin da yake buƙata a ciki, ya ce ya kwashe komai a fulash. Na yarda da bakinsa, na goge ta tas na sa sabuwar Windows. Da muka saka fulash ɗin, sai ga sunan furojet ɗinsa, amma da 'yar kibiya a gindin hoton, girmansa bai wuce kilobait biyu ba. Alamar da ke nuna hanyar zuwa fayil ya kwafa daga fuskar kwamfuta, ainihin fayil ɗin yana cikin abin da na goge. Babi huɗu, aikin wata biyar.

Washegari mahaifinsa ya zo da kansa, dattijo ne da ya sayar da gyaɗa ya saya wa ɗansa na'urar. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi: "Ɗana, ai mun ɗauka ka sani." Na ce, "Baba, laifina ne, zan gyara abin da zai gyaru." Sati biyu ina tayar da janareta da man aljihuna bayan isha'i, muna sake bugawa daga rubutun hannun yaron. Babi na huɗu babu shi a takarda, sai da ya sake lissafin daga farko. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan sati ɗaya kwamfutar ta koma nauyinta. Ashe hadis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, shi ne yake mutuwa, kuma tun ranar farko ina jin yana wani ƙas-ƙas a ciki ban kula ba.

Daga ranar ba na goge kwamfutar kowa sai na ɗauki fulash ɗinsa na saka a wata kwamfutar, mun buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana zaune a gefena. Gani ya kori ji. Aiki mai muhimmanci kuma wuri biyu nake ajiye shi, fulash da intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a Google Drive, furojet kuwa ko da hotuna da wuya ya kai megabait 20.

Kafin ka ambaci fomat, tambayi kwamfutar me ke damunta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Idan Disk ya tsaya a kashi 100 alhali ba ka buɗe komai ba, kuma haka yake kullum, hadis ne matsalarka. Tsohon hadis faifai ne ke juyawa a ciki, yawanci sau 5400 a minti, abin da yake karantawa bai cika wuce megabait 100 a daƙiƙa ba. SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin hadis, ba abin da ke juyawa a cikinsa, wanda ke shiga gurbin tsohon yana kai wa wajen 500. A ganina babu kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar laftof da ya fi wannan amfani, ko mai gigabait 128 ne. Idan kuma Memory ne ke cika da ka buɗe shafi uku, ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ya yi kaɗan, daga gigabait 4 ka kai shi 8. Amma ka ɗauki kwamfutar ka tafi da ita Kano, titin Beirut ko Farm Centre, a gwada a gabanka. Ram iri-iri ne, DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu na'urorin kuma DDR3L kaɗai suke karɓa. Kada ka aiki direban mota da sunan abu a takarda. Windows mai bit 32 kuma ko ka sa mata 8 ba za ta ga fiye da uku da 'yan kai ba.

Kuskure na biyu shi ne barin ƙura, kuma nan ne nake jin haushin mutanenmu. Muna zaune a ƙasar da hunturu ke shafe wata uku yana zuba mana ƙura, bazara ta biyo baya da zafin da ke haura digiri 40, amma mutum zai shekara huɗu bai taɓa buɗe ƙasan laftof ɗinsa ba. In na kwance, abin da nake cirowa tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke bi kamar audugar katifa yake, dunƙule guda, launin toka. Iska ba ta fita, ƙwaƙwalwar na'urar ta yi zafi, ita kuma an ƙera ta ne ta rage gudu da kanta idan ta doshi digiri 100 don kada ta ƙone. Shi ya sa da asuba take gudu, da azahar ta koma tafiyar hawainiya fanka na ihu. Wane bairos ne yake jiran rana ta take?

To wasu sun gane ƙura ce, sai su nufi wurin mai faci ya hura mata iskar taya. Don Allah ku daina. Na yi wa tawa haka sau ɗaya. Iskar ta juya fankar da ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba, fiffike ɗaya ya karye, ga ɗigon ruwa da ke taruwa a tankin injin ya fesu a kan allon ciki. An gudu gara an faɗa zago. Sau biyu ina zuwa Kano kafin na samu fanka irinta, kwana tara shago babu aiki a daidai lokacin da ɗalibai ke rajistar jarrabawa. Yanzu ga yadda nake yi: in kashe ta, in zare caja da batir, in kwance murfin ƙasa, in tokare fankar da tsinken sakace don kada ta juya, in share da busasshen buroshin haƙori mai laushi, in hura da 'yar robar nan da ake matsawa da hannu. Ba na hurawa da baki, akwai danshi. Sau biyu a shekara, ɗaya da fitar hunturu kafin zafi ya kankama, ɗaya bayan kaka. Man nan mai launin toka da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa, nakan canza shi duk shekara biyu. Na taɓa buɗe wata na tarar an shafa man goge baki a gurbinsa, ya bushe ya zama alli.

Kuma ku daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, ta ƙasa take shaƙar iska. Faranti ko katako ya isa, ni har murfin robar ruwa biyu nake sa wa a bayanta ta ɗan ɗago.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan ba, amma kullum sai na gan su. Mutum ya zuba antibairos uku, kowanne na binciken ɗan'uwansa, alhali Windows 10 da 11 sun zo da nasu a ciki. Ɗaya ya isa. Manhajojin da ke cewa sun gano matsala dubu za su share maka, ba na barin ko ɗaya a kwamfutar da ta bi ta hannuna. Disk Cleanup na cikin Windows yana wannan aikin. Danna Refresh sau ashirin ba ya ƙara gudu, fuskar kawai yake sake zanawa. A Task Manager ɗin nan akwai Startup, kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfuta. Tun daga Windows 8, Shut down yana ajiye wani ɓangare don ta tashi da sauri, saboda haka idan ta rikice Restart za ka yi mata. Finafinan da kake turowa daga shagon masu tura fim su koma wani hadis na waje, ni kashi ɗaya cikin biyar na C, ɓangaren hadis da Windows ke zaune, nake bari fili. Foldar Windows kuwa, abin da ba ka san shi ba a ciki, a bar kaza cikin gashinta.

Wanda fulash ya mayar masa da fayiloli 'yan kibiya, wannan kam bairos ne na gaske, wanda ke yawo daga shago zuwa shago. Fayilolin suna nan, ɓoye su ya yi. Kada ka danna 'yan kibiyar, kada kuma ka goge fulash ɗin, kai wa wanda ya iya ya fito da su.

Sai maganar wuta. Batir ya mutu, ana aiki a jikin caja, a ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe, kwamfuta ta mutu nan take faifai na tsaka da rubutu. Haka hadis ke lalacewa a hankali. Sayen batir ya fi sayen hadis da asarar aiki sauƙi. Cajar aro ma tana jawo nauyi: laftof ɗin Dell da yawa idan ba su gane cajar ba, ko ƙarfinta bai kai ba, rage gudu suke yi da gangan. Duba ƙasan na'urar ko jikin cajarta ta asali, idan 65W aka rubuta kada ka sa mata 45W.

Kwanan nan kuma wani sabon abu ya shigo, kowa Windows 11 yake so. Gaskiya ne Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Amma Windows 11 tana da sharuɗɗanta, ciki har da wani ɗan ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma yawancin 'yan gwanjon 2012 da 2013 da ke hannun mutanenmu ba su cika su ba. Ana iya tura ta da dabara, sai dai a kan ram 4 da tsohon hadis nauyin da ka gudo shi za ka tarar. Irin waɗannan, idan buga takardu ne aikinsu, ina barin su a Windows 10 in sa SSD. Wanda kuma zai riƙa shiga banki da imel da ita, Linux Mint nake sa masa, wata manhaja ce da ke maye gurbin Windows, in zaunar da shi yini ɗaya ya saba da inda komai yake.