Babi na 7: Kashe Sanarwar da Ke Katse Aiki a Kwamfuta

Darasi na 1: Mece ce sanarwa?

Ƴan uwa, ku dubi allon kwamfutarku, can ƙasa ta hannun dama, inda agogo yake. Wani lokaci ɗan akwati yana leƙowa a wurin, da rubutu a ciki, har da ɗan ƙara. Ya tsaya kaɗan, ya ɓace. Ita ce sanarwa. WhatsApp ke aiko ta, ko Facebook, ko wasiƙar imel, ko ita kanta Windows.

Kwamfutar ba ta lalace ba, kuma ba ku taɓa wani abu ba daidai ba. Matsalar guda ce: tana ɗauke hankali. Kamar mai shago ne a Babbar Kasuwa yana ƙirga cinikin yini, ana ta yi masa sallama a ƙofa; duk sallamar da ya amsa, sai ya koma farkon lissafi. Alhaji yana shigar da kuɗin buhunan wake, Hajiya tana rubuta zubin asusun ƙungiya, sanarwa ta leƙo, ido ya bi ta, a dawo a sa jaka biyar a layin jaka goma sha biyar.

Darasi na 2: Buɗe wurin gyara

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu a Maradi da Faransanci suke, don haka zan rubuta kalmomin yadda za ku gan su. Ba sai kun iya karanta su da kyau ba. Ku kwafe su a kaye, ku riƙa gwada harafi da harafi.

Da farko ku san irin Windows ɗinku. In alamar taga mai gida huɗu tana tsakiyar layin ƙasa, galibi Windows 11 ce, ta 2021. In tana can kusurwar hagu, Windows 10 ce, ta 2015.

A jerin maɓallan ƙasa, ta hagu, akwai maɓalli mai wannan alamar taga. Ku danne shi da yatsan hagu, kada ku saki. Yana danne, ku taɓa harafin I da hannun dama. Yanzu ku saki duka. Shafin Paramètres zai buɗe. Ku nemi Système ku latsa, sannan Notifications. A Windows 10 an rubuta Notifications et actions.

In bai buɗe ba, babu komai, ku sake a hankali.

Darasi na 3: Makunni. A latsa sau ɗaya

A nan ne aka fi tuntuɓe, saboda haka ku natsu.

Gaban kowane suna akwai ɗan makunni mai ɗigo a ciki. In ɗigon yana dama, makunnin yana da launi, an rubuta Activé, to a kunne yake. In ɗigon yana hagu, an rubuta Désactivé, a kashe yake.

Ku kai kibiyar linzami kan makunnin manhajar da kuke so ku kashe. Ku latsa sau ɗaya. Ku ɗaga yatsa. Ku duba rubutun.

Sau ɗaya, Malam. Na san a babin baya na koya muku latsawa sau biyu da sauri don buɗe takarda, har hannunku ya saba. Wannan daban ne. Latsawar farko tana kashewa, ta biyu tana sake kunnawa, sai ka ga kamar ba ka yi komai ba. Ina tsaye bayanku ina gani: yatsa ya yi tak-tak, ɗigon ya je hagu ya dawo dama kafin ido ya kama shi, mutum ya juyo ya ce, "Mushe, ta ƙi." Ba ta ƙi ba, Baba. Abin da ka ce mata ta yi.

Mu sake. Kibiya kan makunni. Latsa ɗaya. Ɗaga yatsa gaba ɗaya daga linzamin, in ya kama ka ɗora hannun a cinya. Karanta: Désactivé? Madalla, ka yi daidai. Har yanzu Activé? To sau biyu ka latsa. Sake, sau ɗaya.

Yanzu ku gangara ƙasa, za ku ga jerin manhajojin da ke aiko sanarwa, kowace da makunninta. Ku kashe waɗanda ba ku buƙata lokacin aiki, kamar wasanni da labarai. Kowanne latsa ɗaya, ɗaga yatsa, karanta. Amma Sécurité Windows ku bar ta a kunne, ita ce ke faɗa muku in cuta ta shiga kwamfutar.

Akwai makunni ɗaya da ke rikita mutane a Windows 11, sunansa Ne pas déranger, wato kada a dame ni. Shi kunna shi ake yi kafin a samu shiru. In ya nuna Activé, yawancin sanarwa ba za ta leƙo ba, za ta taru ta jira ku. Saƙonku bai ɓata ba, Inna, ki kwantar da hankalinki; in kin gama aiki ki latsa agogo, ki ga duk abin da ya shigo. A Windows 10 sunansa Assistant de concentration, ku zaɓi Alarmes uniquement. Shi ma latsa ɗaya.

Gaskiya wasunku ba sa gwadawa a gida. Ana zuwa aji, a gyaɗa kai, a koma, mako ya zagayo yatsa na nan da tak-tak ɗinsa. Wasu kuma sai su miƙa wa yaro ya yi musu. Yaron zai tafi lakwal ko ya tafi ci-rani, ku da kwamfutar za a bari. Ba ku baro shago da aikin gida don ku kalli hannuna ba. Kafin darasi na gaba kowa ya kashe makunni ya kunna sau goma, yana faɗa da baki: ɗaya, ɗaga, karanta.

Darasi na 4: Shafukan intanet

In kun shiga wani shafi da Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ɗan akwati kan fito a sama ta hagu da kalma biyu: Autoriser da Bloquer. Ku latsa Bloquer. Autoriser izini ne kuka ba shafin ya riƙa aiko muku sanarwa ko bayan kun bar shi. Ta nan ake samun saƙonnin ƙarya masu cewa kwamfutarka ta kamu da cuta, ko ka ci kyautar kuɗi. Kada ku latsa su, kada ku kira lambar da suka rubuta.

Wanda ya riga ya ba da izini: ɗigo uku a sama ta dama, Paramètres, Confidentialité et sécurité, Paramètres des sites, Notifications. Ku cire shafin da ba ku sani ba.

Darasi na 5: Sa lokaci

Ƙarƙashin Ne pas déranger akwai wurin sa awoyin da zai riƙa kunna kansa, misali daga ƙarfe 8 zuwa azahar. Wanda ya iya darasi na 3 zai iya wannan.

Aikin gida: ku rubuta sunan manhaja uku da kuka kashe, ku zo da kayenku.