Yadda ake shirya gajeren yawon buɗe ido zuwa Alƙahira daga Kaduna

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Kaduna ba kasafai yake samun hutun wata guda ba. Abin da ke samuwa shi ne kwana huɗu ko biyar: hutun Sallah da ya haɗe da ƙarshen mako, ko na Kirsimeti, ko 'yan kwanakin da oga ya sa wa hannu da ƙyar. Mutane da yawa gani suke wannan bai isa a fita waje ba. Ya isa sarai in ka ƙara masa kwanakin hanya, in dai birni ɗaya za ka tsaya, kuma duk wata wahalar takardu da kuɗi ka gama ta a gida kafin ka ɗauki jaka.

Fara da zaɓen birni, kuma ka auna shi da abu biyu: biza da jirgi. Birnin da sai ka sauka a wata ƙasa ka kwana a filin jirgi kafin ka isa ya riga ya cinye maka rabin hutun. Accra ba ta buƙatar biza ga ɗan Najeriya saboda ECOWAS, kuma a unguwannin Nima da Sabon Zongo da Hausa za ka sayi abincinka. Kigali ma ba ta wahalar da 'yan Afirka wajen shiga. Istanbul sai da biza. Ni dai Alƙahira, babban birnin Masar, zan ɗauka a nan, domin EgyptAir na tashi kai tsaye daga Abuja da Kano, tafiyar kusan awa biyar ce, kuma abin gani a can ya taru wuri guda fiye da na yawancin birane.

Lokacin tafiya na da muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayin ya fi daɗi, sai dai daren Disamba da Janairu akwai sanyi na gaske, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa rana ce mai dukan kai, a gindin dalar Giza, kaburburan Fir'aunoni, babu inuwa. A watan azumi wuraren tarihi kan rufe da wuri.

Sai takardu. Ɗauko fasfo yau, ba gobe ba, ka duba ranar ƙarewarsa. Ya kamata ya rage aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga ƙasar, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. In sabuntawa za ka yi, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka a NIN sun dace da na fasfo harafi da harafi, don nan ne mutane suka fi maƙalewa. Bayan fasfo akwai katin rigakafin shawara, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya je ana gobe tafiya ya makara. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Biza kuma tun daga Najeriya ake nemanta, ta ofishin jakadancin Masar da ke Abuja. Galibi za a nemi hotuna, bayanan asusun banki na 'yan watannin baya, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, da takarda daga wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci. Ka'idojin kan canza, don haka ka ji daga bakin ofishin da kansa kafin ka tara komai. In da wakilin tafiye-tafiye za ka yi aiki, ka nemi mai ofis da za ka iya komawa ka same shi, ka karɓi rasit. Kar kuma ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali bizar ba ta fito ba. Ka ba wannan mataki makonni, ba kwanaki ba.

Maganar kuɗi ta fi komai bukatar natsuwa. Yawancin manyan wuraren tarihi na Masar, har da dalar Giza, sun koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki maimakon tsaba. Mutum zai iya tsayawa a bakin ƙofa da daloli cike da aljihu ya kasa shiga. Je bankinka tun da wuri ka tambaya: katin nairata yana aiki a waje, kuma nawa ne iyakarsa? In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka nemi katin asusun dala. Tare da haka ka sayi dala ta hannu wajen 'yan canji da ka sani, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, don a can ana ƙin karɓar tsofaffi. In ka sauka, ka canza kaɗan zuwa fam na Masar a bankunan filin jirgi, ka roƙi ƙananan takardu. Za ka buƙace su kullum: mai tsaron takalma a masallaci, mai gadin banɗaki, mai ɗauko jaka, kowa na jiran ɗan hasafi. Duk wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan.

Masauki kar ka zaɓe shi don arha kawai. Alƙahira birni ne mai cunkoson motoci, otal mai rahusa a bayan gari zai sa ka biya da awanni a hanya. Kusa da dandalin Tahrir ko tsibirin Zamalek ya fi dacewa da mai 'yan kwanaki. Wanda ganin dalar Fir'aunoni ne kawai ya kai shi zai iya kwana ɗaya a Giza, inda ake hango su daga rufin otal.

Jaka ƙarama ta isa. Takalmi mai daɗin tafiya, hula ko mayafi, da mahaɗin caja mai baki biyu zagaye, domin soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku ba ne. Magani kuwa ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Tramadol musamman, Masar ba ta wasa da shi: a 2017 wata kotu a can ta yanke wa wata 'yar Birtaniya shekara uku a kansa. Sannan da zarar an ji za ka yi tafiya, saƙonni za su fara zuwa. "Yaya, don Allah ga ɗan ƙulli ka kai wa ƙanena da ke karatu a Azhar." In ba a buɗe shi a gabanka ka ga abin da ke ciki ba, ka ba da haƙuri, ko da wa ya aiko. Jami'an NDLEA ba sa tambayar wanda ya ba ka.

Ga mu mutanen Kaduna, tafiyar ba daga filin jirgi take farawa ba. Ko ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ko ka shiga mota a Kawo zuwa Kano. Ko wanne ka zaɓa, ka tafi kwana ɗaya kafin tashin jirgin sama, ka kwana a can. Jirgin ƙasa kan yi latti, tikitinsa kan ƙare, hanyar mota kuma ba ta da tabbas, tafiyar dare ma ba shawara ba ce. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya bai kai rabin asarar tikitin da ya wuce ka ba. Ka sa wannan kwanan cikin lissafin hutun tun farko.

Da ka sauka, sayi layin waya a filin jirgin da fasfonka, akwai Vodafone da Orange da sauransu. Da intanet a hannu za ka kira Uber, ka huta da cinikin tasi. Gyara agogo: suna gabanmu da awa ɗaya, a lokacin zafi kuma awa biyu.

Yanzu rabon kwanaki, wanda shi ne zuciyar shirin. Kowace rana a ba ta ɓangaren gari ɗaya. Mai son ya ga dala da safe, kasuwa da azahar, gidan tarihi da la'asar, bayan motar gabansa kawai zai gani.

Rana ta farko ta Giza ce. Ka isa da zarar an buɗe ƙofa, kafin rana ta ɗaga da zuwan manyan motocin 'yan yawo. Babbar dala ta Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500 a tsaye, kuma sai ka tsaya a gindinta za ka ga dutse ɗaya ya kai maka ƙirji. Shiga cikinta tikiti ne daban. Hanyar ƙunci ce, a sunkuye ake hawa, ga zafi, a ƙarshe kuma ɗaki ne da akwatin dutse babu kowa a ciki. Mai ciwon baya ko hawan jini ya haƙura, bai rasa abin a zo a gani ba. Masu raƙuma da dawakai za su yi maka caa. In za ka hau, ku yanke kuɗi tun kana ƙasa: da wane kuɗi, fam ko dala, zuwa ina, kuma har da saukewa. In ba ka so, "la, shukran" (a'a, na gode) sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya ba tare da ka karɓi komai a hannu ba. Sauko ka ga Abul Haul, mai jikin zaki da kan mutum, sannan ka ƙarasa yinin a sabon babban gidan tarihin da aka gina kusa da wurin.

Rana ta biyu ta tsohuwar Alƙahira ta Musulunci ce, kuma ita ce na fi so. Fara daga ganuwar Salahuddin, wadda aka soma ginawa a 1176, inda masallacin Muhammad Ali yake, kana hango garin gaba ɗaya daga sama. Ka sauko ka yi azahar a Azhar, masallacin da Faɗimiyyawa suka aza harsashinsa a 970. Zauna kaɗan a farfajiyar farin marmara bayan salla. Da wuya ka tashi ba ka ji Hausa a bakin wani ɗalibi ba. Tsallaka titi kana masallacin Husaini da kasuwar Khan el-Khalili. Ciniki a nan kamar na Kasuwar Barci ne: farashin farko na gwaji ne, ka taya ƙasa sosai, ka juya kamar za ka tafi, za a kira ka. Bayan magariba ka bi titin Mu'izz a ƙafa lokacin da aka kunna fitilun tsofaffin gine-gine. In ranar ta faɗo Juma'a ma ya fi: da safe tituna fayau, ka sami jam'i a Azhar, amma ka je da wuri.

Rana ta uku Fusɗaɗ, tsohon gari da ke cikin Alƙahira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka a tashar Mar Girgis, kuma akwai taragun mata zalla ga mai so. A nan masallacin Amru bin As yake, na farko da aka gina a Masar, wajen shekarar 642. Gab da shi akwai tsofaffin majami'un Kibɗawa, ciki har da Abu Serga, inda Kiristocin ƙasar suka yi imani Maryamu da jaririnta sun fake. Gawawwakin sarakuna kuwa, waɗanda kowa a gida zai tambaye ka ko ka gani, ba sa tsohon gidan tarihin da ke dandalin Tahrir yanzu. A Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ ɗin. Ramses na biyu na cikinsu, wanda jama'a ke kira Fir'aunan Annabi Musa, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin. Da yamma ka hau kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu na awa ɗaya.

Abinci ba matsala. Koshari shinkafa ce da makaroni da ƙananan wake, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa a kai, yana da arha kuma yana riƙe ciki. Mai son yaji ya tafi da nasa, nasu ba ya kai mana. Ruwan gora kawai za ka sha. Kar ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko ginin gwamnati.

Tsaraba ka bar ta sai daren ƙarshe, bayan ka san farashi, ka kuma auna jaka a otal don kar a caje ka kuɗin ƙarin nauyi. Ranar dawowa ka bar masauki da wuri ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, EgyptAir daga tasha ta 3 yake tashi. In kun sauka Abuja ko Kano da dare, ka kwana, ka kama hanyar Kaduna da safe, kuma tun wajen neman hutu ka bar kwana ɗaya tsakanin dawowarka da komawa aiki.