Kurakuran da aka fi yi in ana ba da labarin Wayne Gretzky

Tun ranar 6 ga Afrilu 2025, da Alexander Ovechkin ɗan Rasha ya ci ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL ta hokin ƙanƙara, sunan Wayne Gretzky, tsohon ɗan wasan hoki ɗan Kanada, ya dawo bakin masu labarin wasanni. Da yawa cikinsu da idon ƙwallon ƙafa suke kallon wannan wasa, kuma daga nan ne yawancin kurakuran ke fitowa.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne a ce Ovechkin ya kwashe tarihin Gretzky. Babban abin da ya karɓe shi ne yawan ƙwallaye a wasannin kaka, wato ban da zagayen neman kofi. Gretzky ya yi ritaya da 894, Ovechkin ya wuce shi, kuma abin mamaki a wasansa na 1,487 ya yi hakan, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga. Amma a hoki ba da ƙwallo kaɗai ake auna ɗan wasa ba, da maki ake aunawa. Wanda ya ci yana da maki ɗaya. Wanda ya ba shi ya ci shi ma yana da ɗaya, kuma ana iya rubuta wa mutum biyu wannan taimako a ƙwallo guda, wato wanda ya miƙa ta ƙarshe da wanda ya miƙa masa. Gretzky ya bayar an ci sau 1,963. Haɗa da ƙwallayensa, maki 2,857 ke nan. Wanda ke bi masa, Jaromir Jagr ɗan ƙasar Cek, yana da 1,921. Ka dubi lissafin da kyau: ko da Gretzky bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba, abin da ya bayar aka ci kaɗai ya fi makin kowa. Gyaran dai mai sauƙi ne: in za ka rubuta, ka ce tarihin yawan ƙwallaye ya koma hannun Ovechkin, na maki da na bayarwa suna nan inda suke.

A nan ne wani ruɗanin ke shigowa, domin a ƙwallon ƙafa maki na ƙungiya ne, uku in an yi nasara. A hoki akwai makin ƙungiya a teburi, akwai kuma makin ɗan wasa. Wanda ya karanta cewa Gretzky ya samu maki 215 a kakar 1985 zuwa 1986 sai ya ɗauka na ƙungiyarsa Edmonton Oilers ne. A'a, nasa ne shi kaɗai, 163 daga ciki kuwa bayarwa ce.

Kuskure na gaba shi ne a zana shi a matsayin ƙaton ɗan gaba mai ture mutane. Wasan kam na ture-ture ne, ana maka mutum da katangar fili ba laifi, amma Gretzky siriri ne, ba shi ne mafi gudu ba, ba shi ne mafi ƙarfin bugu ba. Wurin da ya fi so shi ne bayan raga, domin a hoki akwai fili a bayan ragar kuma ana wasa a wurin. Sai ya tsaya can da ɗan faifan robar a bakin sandarsa, mai tsaron raga ya ba shi baya yana waiwaye, masu tsaron baya sun rasa ta gefen da za su bi. Wanda ya taso masa ta dama, sai ya zura ta hagu ga abokin wasansa, galibi Jari Kurri ɗan Finland, wanda ya riga ya iso gaban raga. Har wurin aka yi wa laƙabi da ofishin Gretzky. Ba wai bai iya ci ba ne, ai shi ya ci 92 a kakar 1981 zuwa 1982, ya kuma cika 50 cikin wasanni 39 kacal, da ƙwallo biyar a ragar Philadelphia a dare ɗaya. Ni dai a ganina duk labarin da bai ambaci wannan tsayuwa ta bayan raga ba, bai nuna mutumin ba.

Af, abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce mai zagaye. Faifai ne baƙi na roba mai tauri, wanda ake daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Muna cewa "ya ci ƙwallo" ne don haka bakinmu ya saba, amma kada mai bayani ya haɗa shi da hokin ciyawa.

Sai batun kofuna. Saboda ya yi shekara 20 a NHL, wasu kan ɗauka duk inda ya je ya ɗaga kofi. Kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, huɗu ya ci, dukansu a Edmonton: 1984, 1985, 1987 da 1988. A ranar 9 ga Agusta 1988 aka mayar da shi Los Angeles Kings, a cinikin da ya haɗa da musayar 'yan wasa da dala miliyan 15, abin da ya tayar da ƙura a Kanada ƙwarai. Daga nan bai ƙara ɗaga kofin ba. Ya kai Kings wasan ƙarshe a 1993, Montreal ta doke su. Edmonton kuwa ta sake ci a 1990 ba tare da shi ba, ƙarƙashin kyaftin Mark Messier. Ya ɗan taɓa St. Louis a 1996, ya ƙare a New York Rangers a 1999.

Haka ma zinaren Olamfik. Bai ci shi yana ɗan wasa ba. A Nagano a 1998 Cek ta fitar da Kanada a bugun raba gardama, kuma kocin bai sa shi cikin masu bugun ba, yana zaune a benci yana kallo. Zinaren 2002 a Salt Lake City, na farko da Kanada ta samu cikin shekara 50, ya same shi ne yana shugaban da ya haɗa tawagar.

Ƙananan kurakurai biyu. Ba a Edmonton ya fara wasan kuɗi ba: yana ɗan shekara 17 ya sa hannu da Indianapolis Racers a wata gasa daban mai suna WHA a 1978, ya buga wasa takwas aka sayar da shi ga Edmonton, sannan Edmonton ta shiga NHL da shi a 1979. Kuma lambarsa 99 ba ƙungiya ɗaya ce ta ajiye ta ba, gasar gaba ɗaya ce ta hana kowa sa ta tun shekarar 2000.

Masu son rufe labarinsa da cewa ya zama babban koci su ma su duba. Ya horar da Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009, kaka huɗu, ko sau ɗaya ba su kai zagayen neman kofi ba.